Kurkunu a Cikin Safa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tara mutanen unguwarmu a Madarunfa don in koya musu yadda ake shan ruwa ba. Yau na haura shekara tamanin. Na manta sunayen rabin magungunan da na yi shekara arba'in ina miƙa wa mutane ta tagar farmasin asibiti, wani lokaci har tabarau nake nema alhali yana bisa hancina, amma wannan rana tana nan daram a kaina. Ko da na so in manta, akwai tabo a idon sawuna na hagu da ba zai bar ni ba. Da jikokina suka fara tambaya, ce musu na yi kare ne ya cije ni. Kakarsu ce ta tona mini asiri (Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa), don haka gara in ba da labarin da bakina.

Sai na fara da Nomau, in ba haka ba ba za a gane ba. Iyayena sun rasu ina ƙarami, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni tare da ɗanta Nomau. Sa'ana ne, kuma taubashina, wato duk abin da ya ga dama zai faɗa mini, ni ma in rama, ba mai jin haushin wani. Tabarma ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci. A zamanin Nasara, in lokacin ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, ya zo, dogarai kan bi gida-gida, iyaye kuwa su yi ta ɓoye 'ya'yansu. Da Gwaggo ta ji sallamarsu a makwabta sai ta cusa mu cikin rumbu mu biyu, ta rufe. Ƙaiƙayin gero ya shiga hancina. Na danne, na danne, na kasa, na saki atishawa. Hannu ya shigo ya jawo ni ta ƙafa. Nomau ya lafe ƙarƙashin zangarniya ko motsi bai yi ba. Gwaggo ta yi kwana uku tana kuka kamar an kai ni kushewa. To ka ji yadda na zama ɗan lakwal, daga Maradi zuwa Yamai, daga Yamai har Dakar, inda na karanci haɗa magunguna. Nomau ya zauna gida ya riƙe gonar da ta ciyar da mu duka.

A farkon shekarun saba'in na dawo, aka ba ni aiki a farmasin asibiti a Maradi. Ga farar riga, ga ɗan babur mobilet, ga takalmi sau-ciki da nake gogewa har in ga fuskata, ga safa ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Duk ƙarshen mako nakan hau mobilet in zo gida in yi aikin sa-kai: in wanke wa wannan miki, in karanta wa wancan takardar likita, in nuna wa tsofaffi wace ƙwaya ce ta safe wace ce ta dare. Tsakani da Allah nake yi, ina son mutanena, har yau ina son su. Amma in faɗi gaskiya, ina kuma son yadda suke kallona in na faka mobilet na ciro farar rigar nan. Kaina ya kumbura ƙwarai. Mutane na ce mini Likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdulillahi, don haka bari in faɗa. Tsutsa ce fara, siririya, doguwa, takan kai tsawon hannun mutum har ta wuce. Tana zaune cikin jiki shiru, sai damina ta kama, lokacin da kowa ke bukatar ƙafafunsa, ta taso da bororo a ƙafa mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Ba abin da ke sanyaya shi sai ruwa. Da ruwa ya taɓa wurin sai bororon ya fashe, kan tsutsar ya leƙo. Daga nan mutum ya kwanta ke nan, wata guda, wata biyu, gonarsa tana can ciyawa na ci. Wasu na cewa a jini yake, wasu su ce taka shi ake yi a ƙasa, wasu su ce gado ne. A duk kantocin farmasinmu babu ƙwaya ɗaya da ke kashe shi. Maganinsa ɗaya, a kama kan a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan da lallashi, kada a bari ya tsinke, don in ya tsinke a ciki ƙafar sai ta kumbura ta yi ruwa. A unguwarmu ba wanda ya iya wannan aiki kamar Gwaggo Dije.

A daminar nan kurkunu ya kwantar da mutane da yawa, ciki har da Nomau. Na je na ga geronsa ya fito kyakkyawa, ciyawa ta fara shaƙe shi, mai gonar na kwance a rumfa yana kallon sama. Abin ya taɓa ni. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba: a ruwan kududdufan bakin gona ake shan shi, cikin wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani sosai, kuma sai ya shekara a jiki kafin ya fito, shi ya sa ba wanda ke danganta shi da ruwan bara. In an tace ruwan da tsumma mai matsattsiyar saƙa, an gama da shi. Na sayo farin yadi a kasuwar Maradi, na sa tela ya yayyanka ya kalmashe bakin, na ɗauro tuli guda a bayan mobilet, na tafi wurin mai unguwa.

"Sau guda ni ka tara maka su," in ji shi. "Lokacin noma na. In sunka watse ba su ɗauki zancenka ba, ba ni iya sake kiran su."

Na ce sau guda ya isa. Abin da nake so ke nan, kowace mace ta tafi gida da tsumma guda, kuma ta yi aiki da shi. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Saura kwana uku, sai na ji ƙaiƙayi a idon sawuna, da ɗan zazzaɓi, da tashin zuciya. Washegari wani ɗan bororo ya taso. Na zauna a bakin gado na dube shi da kyau, ni da na rubuta shafi huɗu a kan kurkunu a jarrabawa har malami ya yaba, na yanke hukunci cewa sabon takalmi ne ya ci ni. (Ko sau ɗaya zuciyata ba ta kawo wani abu ba. Ƙarya nake, ta kawo, na kore ta.) Na shafa jan magani, na manna auduga, na ja safa na rufe.

Ranar Juma'a gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa ya cika. Maza a gaba bisa tabarmi da buzaye, mata a gefe jikin zana. Na jera kayana: tulu, da babbar ƙwarya cike da ruwan kududdufi, da kwalba, da madubin da ke ƙara girman abu, da tulin tsummokarana. Na kuma sa aka ɗauko Nomau a kan jaki aka zaunar da shi a gaba, ƙafarsa a miƙe da tsinke a liƙe. Ban gaya masa dalili ba. Shi a zatonsa wani sabon magani na samo, zan fara gwadawa a kansa.

Na gyara farar riga, na yi gyaran murya, na fara. Hausa nake yi amma duk jimla uku sai na jefa Faransanci ɗaya, in tsaya, sa'an nan in fassara musu cikin tausayawa. Na ɗebi ruwa a kwalba aka zagaya da ita da madubin, tsofaffi suka ga 'yan ƙwarin suna tsalle, suka yi salati. Har nan komai na tafiya daidai. Wani dattijo ya ce, "To Likita, ba Allah ka kawo ciwo ba?" Na ce Allah ke kawo komai, amma wannan ta kududdufi yake aiko shi. Aka yi dariya, aka gyaɗa kai. Da nan na tsaya na raba tsummokarana da na tafi gida da mutuncina.

Ban tsaya ba. Daɗin gyaɗa kai ya kwashe ni. Na nuna Nomau da ɗan yatsa.

"Ku dubi wannan," na ce. "Tare muka tashi da shi, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Yau ga shi a kwance, gonarsa ta zama daji. Ku dube ni a tsaye. Me ya raba mu? Ilimi! Kurkunu ciwon jahilci ne. Ni tun da na san ciwon kaina ban taɓa kai ruwan da ba a tace ba bakina."

Na ɗauka Nomau zai rama, a yi dariya, don haka muka saba. Bai rama ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Na ga haka, na ji wani abu ya soke ni, amma na ci gaba, don mai jawabi ba ya tsayawa.

Duk wannan lokaci ƙafata na ci da wuta. Rana ta juyo, takalmin ya ɗau zafi, na koma tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗayar ina ɗan goga ta a bayan ƙwaurina kamar zalɓe a bakin tabki. Kowa fuskata yake kallo, ban da mutum ɗaya. Gwaggo Dije na zaune a gaban mata, ta yi tagumi, idonta ƙyam a kan takalmina.

Aka zo wurin gwaji. Na shimfiɗa tsumma a bakin tulu na riƙe da hannu biyu, na ce a samu mace ta zo ta zuba. Kafin kowa ya motsa Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki ƙwaryar, ta fara zubawa a hankali, ruwa na sauka cikin tulu, datti na tsayawa a sama, ni ina bayani. Sai hannunta ya goce. Matar da ke ɗauko tulu cike daga rijiya ba ta zubar da ɗigo ba, ranar hannunta ya goce, kuma bai goce ko'ina ba sai daidai ƙafata ta hagu. Rabin ƙwarya ya juye cikin takalmina. (Har ta koma ga Allah ba ta yarda da gangan ta yi ba. Ko yaushe na tayar da zancen sai ta ce tsufa ne.)

Wayyo, sanyin nan! Kwana uku ina cikin wuta, lokaci guda aka kashe ta. Ban san sa'ad da idanuna suka lumshe ba, kafaɗuna suka sauka, na saki wata doguwar ajiyar zuciya a tsakiyar jimla, da ƙarfi, har na bayan zana suka ji:

"Aaaah... Alhamdulillahi."

Abin da ban yi tunani ba shi ne, rabin mutanen da ke zaune a gindin tsamiyar nan sun taɓa yin kurkunu. Duk sun san wannan numfashi, kowannensu ya taɓa sakin irinsa a bakin kududdufi. Na buɗe ido na ga Nomau ya ɗago kai a karo na farko.

"Inna," ya ce a hankali, "wagga ajiyar zucciya na san ta."

"Ni ma na san ta," in ji Gwaggo. Ta aje ƙwarya, ta jawo wani turmi ta kifa. "Zamna nan."

"Gwaggo, takalmi ne ya ci ni. Muna cikin aiki, in an gama..."

"Ni na yi maka wanka hal ka yi wayo. Zamna, in ce."

Na waiwayi mai unguwa ko zai cece ni. Ya ce, "Likita, bi maganar uwarka." Na zauna a gindin turmi da farar rigata. Gwaggo ta durƙusa ta kwance igiyar takalmin, ta zare shi, ta tsiyaye ruwan ciki, ta kama safa ta fara naɗe ta ƙasa. Maza suka miƙa wuya, mata suka matso. Ta ɗaga audugar. Bororon ya fashe, ga wani ɗan farin abu kamar bakin zare ya leƙo yana shan iska.

"Sannu da zuwa," in ji Gwaggo. Da tsutsar take.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dattijon da ya yi mini tambaya sai da ya kwanta bisa buzunsa. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, amma cikinsa na rawa. Na yi ta fatan ƙasa ta tsage in shige. Cikin ruɗewa na ce, "Ba zai yiwu ba! A ina zan same shi?" Da na sani da ban tambaya ba, don Gwaggo ba ta mantuwa.

"Bara war haka, da ka zo hutu," ta ce, tana duba mikin ba ta ko kalle ni ba. "Ka biyo mu gona da irin wanga takalmi. Na dama hura da ruwan kududduhin gindin kanya. Nic ce, ɗan lakwal, kai ba ka shan irin tamu. Kac ce, Gwaggo, shekara ukku ina mafarkin hurag ga. Ka karɓe luddai ba ka sake shi ba sai da ƙwarya tay yi ƙara."

Gaskiya ta faɗa. Na tuna furar, na tuna har yajinta.

Mutane suka watse suna share hawaye, kowa na maimaita wa na kusa da shi "ciwon jahilci ne". Da wurin ya yi fili na duba tabarmar da na jera kayana. Tulin tsummokaran na nan yadda na aje shi, ko ɗaya ba a ɗauka ba. Wannan ya fi dariyar ciwo. Sau ɗaya aka ce za a tara mini su, na kashe damar a kan nuna kaina, kuma baɗi war haka waɗannan mutane za su sake kwanciya saboda bakina.

Aka kai ni rumfar Gwaggo aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ta Nomau. Na rubuta wa asibiti takardar neman hutun ciwo, na daɗe riƙe da alƙalami a wurin da ake rubuta sunan ciwon. Kullum da safe Gwaggo za ta zo da ruwan ɗumi da man shanu, ta zauna ta yi bisimilla, ta murza tsinke kaɗan, in ta ji tsutsar ta ƙi sai ta bari. Na ce ko a ɗan ƙara ja a gama da wuri. Ta ce, "A Dakar haka anka koya maka?" A nan na zauna na ga aikin da ba ya cikin littafi: yadda take jin ƙarfin tsutsar a yatsunta, yadda take jan mara lafiya da hira har ya manta ana taɓa shi.

Amma abin da ya fi damuna Nomau ne. Kwana uku muna kwance kafaɗa da kafaɗa bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. In na yi magana ya ce "I" ko "A'a". In an kawo tuwo ya ce "Bismilla, Likita", da ladabi, kamar baƙo. Wanda bai da taubashi ba zai gane ba, amma ranar da taubashinka ya fara girmama ka, to ka yi babban laifi. A rana ta huɗu da hantsi na kasa daurewa.

"Nomau, ka yafe mini. Na sa an ɗauko ka a jaki na ci mutuncinka a gaban mutane."

Bai juyo ba, idonsa na kan rufin rumfa.

"Kac ce ilimi ya raba mu," ya ce. "Ba ilimi ba na. Atishawa ta. Da ni na yi ta, da yanzu ni ad da hwarar riga, kai kana nan kana ma jaki magana."

Na ce haka ne. Hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya juyo.

"Zancen ruwan ga hwa, gaskiya na?"

"Wallahi gaskiya ne."

"Ko da kai ka hwaɗe shi?"

"Ko da ni na faɗe shi."

Sai ya fashe da dariya, ni ma na kama, Gwaggo ta leƙo ta ce in mun tsinke mata aiki za ta ci ƙaniyarmu. Da ya nutsu ya ce, "Miƙo mini rigag ga taka."

Ka san halin mutanenmu da dubiya, ba a barin mara lafiya shi kaɗai. To balle an ji Likita ne da kansa kurkunu ya kayar. Mutane suka yi ta zuwa, na unguwarmu da na wasu unguwanni, har daga Safo wasu suka biyo ranar kasuwa. A baki sun zo gaishe ni ne, amma kowa ya ce "ya jiki" idonsa na kan tsinken. Duk ayarin da ya shigo sai ya tarar da Nomau a zaune ya sa farar rigata a kan tsohuwar taguwarsa, ya maƙala tabarauna a hanci, ya yi gyaran murya irin tawa. Yakan fara da wani Faransanci da ya ƙirƙira da kansa, sa'an nan ya nuna ni da ɗan yatsa daidai yadda na nuna shi.

"Ku dubi wanga," yake cewa. "Ƙahwatai ba ta taɓa ƙasa ba, kullum cikin takalmi. Ke nan ba taka shi aka yi ba. Ubanai bai yi kurkunu ba, Inna na nan ku tambaye ta. Ke nan ba gado ba na. A birni yake zamne, ba garin ga ba. Hura guda ya sha bara a gindin kanya, kurkunu ya bi shi hab birni, ya shiga cikin safa ya jira shi. To kai da ka shan ruwan ga sahe da marece, mi kake jira?"

Su yi dariya har su gode Allah. Amma na lura, bayan dariyar sai wani ya fara ƙirga watanni a yatsa, wata ta ce ita ma mijinta a wancan kududdufin ya sha bara. A bakin ƙofa kuma Gwaggo na zaune da tulin yadina a cinya. Ba mai fita sai ta damƙa masa ɗaya ta ce, "Ungo, a ɗaura ma bakin tulu. In ba haka ba tabarma na nan, kusa da Likita." Kafin tsutsata ta gama fita, sati shida cif, tsummokaran sun ƙare har sai da na aika aka ƙaro yadi. 'Yan dubiyar nan kuma su suka yi gayya suka nome gonar Nomau.

Ba zan ce kurkunu ya bar garinmu a shekarar ba. Da damina ta zagayo wasu sun kwanta, don sun riga sun sha tun kafin. Wasu suka mai da tsumman matatar koko, wani na gan shi ya ɗaura nasa a ka. Sai da aka yi shekaru masu yawa, aka haƙa rijiyoyi, mutane da dama da suka fi ni haƙuri suka yi aiki, kafin ya ɓace. Amma a gidan Gwaggo da gidajen da ke kewaye, tsumma ya zauna a bakin tulu. Nomau bai sake kwanciya da damina ba, a tsaye ya yi nomansa har tsufa. Ni kuwa na ci gaba da zuwa duk ƙarshen mako har na yi ritaya na dawo gida gaba ɗaya, sai dai tun daga ranar a cikin jaka nake barin farar rigar. Sunan da Nomau ya laƙa mini, Likitan Kurkunu, ya bi ni har wurin aiki, har 'ya'yana an kira su da shi.

Shekarun baya Nomau ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na kai shi asibitin da na yi aiki, na zauna a bakin gadonsa. Rana ta ƙarshe da la'asar, ya daina magana tun safe, sai na ga leɓɓansa sun bushe. Na zuba ruwa a kofi na tallafi kansa na kai bakinsa. Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi kofin, ya dube ni, ya ce da wata 'yar murya:

"An tace?"

Na yi dariya har ruwan ya zube a gadon, ina dariya ina kuka. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, kuma har yau ba ni da wanda zai zage ni in ji daɗi.

Na yi jawabai da yawa a rayuwata, a makarantu, a ƙofar masallatai, a taron mata. Wanda ya fi duka amfani ban faɗi kalma ɗaya a cikinsa ba, ina kwance ne ƙafata a miƙe, wani manomi sanye da rigata yana nuna ni da yatsa. Tun daga nan, in zan tashi gaban mutane in gaya musu abin da ke damun su, sai na fara zama a bakin gado na tuɓe safa na duba tawa ƙafar tukuna.